Ɗigo a Idon Kaza

Kun ce in ba ku labarin ranar da ta fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi ina aikin lafiyar dabbobi a ƙasar Daura. Na san bijimi kuke jira, ko raƙumi, don su ne ke sa ma'aikaci ya yi kama da jarumi. To ku yi haƙuri. Ranar da har yau ta ƙi barin kaina, kaza ce a hannuna, a wani ƙauye na ƙasar Baure, kuma aikin wata mata da mutuncinta ne ake shirin raba ta da su.

Bari in fara da tsarin aikin, saboda waɗanda ba su san shi ba. A sama akwai likitan dabbobi mai kula da shiyya. A lokacin Dakta Mamman ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan shan shayi. Ƙarƙashinsa mu ne jami'ai, masu zagaya ƙauyuka. Ƙarƙashinmu kuma akwai 'yan sa-kai, wato mutanen ƙauye da muke koya wa aiki guda ɗaya tak, su riƙa yi wa maƙwabtansu. Ni aka ɗora wa horar da mata, don kaza a wurinmu dukiyar mace ce, cikin gida take, namiji kuwa iyakarsa zaure. Ko digirinka ya kai nawa, in dai kai namiji ne, kazar matar aure sai dai ka ji kukanta ta bayan katanga.

Cutar da muke fama da ita ita ce wadda ake kira fakat. Takan zo da shigowar sanyi, bayan an kai amfanin gona gida. Kaza ta yi zugum, ta saki fuka-fukai, ta kama zawo, wuya ya murɗe, kafin a ankara akurki ya zama kango. In ta kama, babu magani. Rigakafi ne kaɗai.

Rigakafin nan kuwa ba allura ba ne. Ɗigo ɗaya ne ake sakawa a ido. A nan kullum gardama take tashi, don mutanenmu, har da wasu masu takardu a bango, sun yi imani cewa maganin da bai huda fata ba wasan yara ne.

Ga dalilin ɗigon, kamar yadda nakan faɗa a aji. Jiki, na kaza ko na mutum, yana da ƙananan ƙwayoyin halitta masu tsaro, su muke kira garkuwar jiki. Asalinsu ɗaya ne, amma halinsu ba ɗaya ba ne, don inda aka zaunar da kowace ƙwaya shi ke koya mata hali. Waɗanda ke yawo cikin jini masu zafin kai ne. Jini ba wurin baƙo ba ne, duk wanda suka tarar a ciki faɗa ne kawai. Amma akwai waɗanda aka zaunar a fatar nan mai laushi da danshi da ta shimfiɗe cikin ido da hanci da maƙogwaro da hanji. Su ba za su iya wannan zafin kan ba. Wuni suke baƙi na wucewa ta gabansu: tsaki, ruwa, ƙaiƙayi, tsutsa. In suka ce kowa sai sun yi faɗa da shi, kaza ba za ta ci abinci ta zauna lafiya ba. Sai wurin ya koya musu haƙuri da tantancewa. Mai wucewa su bar shi ya wuce, mugu su tare shi tun daga bakin ƙofa, da kariyar da suke zubawa cikin hawaye da majina, ba tare da an tashi hankalin gida ba.

Fakat ta hanci da baki take shiga. Allura tana farkar da na cikin jini, kuma tana da amfaninta, ban ce ba ta da shi ba. Amma ɗigon ido kai tsaye yake zuwa wurin masu gadin ƙofa. Akwai wani ɗan ƙulli a bayan idon kaza, cike da irin waɗannan ƙwayoyi. Daga nan ɗigon yakan bi wata siririyar hanya ya sauka hanci da maƙogwaro. Shi ya sa ƙa'idar aikin take cewa: ki ɗiga, ki riƙe, sai kaza ta ƙifta ta haɗiya, sannan ki sake ta.

A ƙauyen da nake ba ku labari, mata biyu na horar, ɗaya a unguwar yamma, ɗaya a unguwar gabas. Ta gabas sunanta Rakiya, uwar 'ya'ya biyar, ta yi Islamiyya, kuma ban taɓa horar da mai natsattsen hannu kamarta ba. Ɗigonta ba ya kuskure ido. Mijinta ya yarda ta riƙa shiga gidaje, amma da sharaɗi ɗaya: mahaifiyarsa za ta riƙa raka ta. Da na ji sharaɗin, sai na ce madalla, ai an samu mai riƙe mata kaji.

Aka yi rigakafi bayan girbi, da kwalabe daga kwali ɗaya, cikin akwatin sanyi ɗaya. Sanyi ya shigo, fakat ta biyo shi. A unguwar yamma kaji suka tsaya, sai ɗai-ɗai da suka faɗi. A unguwar gabas kuwa sai shara ake yi ana kai wa bola.

Ba sai na gaya muku abin da ya biyo baya ba. Wasu suka ce Rakiya ta sayar da maganin ta ɗiga ruwan randa. Wasu suka ce ɗigon nata ne ma ya kawo cutar. Aka yi suna a maƙwabta, ba a aiko mata ba. 'Ya'yanta suka dawo daga makaranta suna kuka, an ce musu 'ya'yan mai kashe kaji. Daga ƙarshe mai gari ya aiko wa ofishinmu cewa a cire ta, a turo namiji mai allura, a riƙa fito masa da kaji zaure.

Dakta Mamman ya kira ni.

"Hajiya, mai gari yana so a sallami ɗalibarki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an ji ta bakinta?"

Ya ce, "Na dai ji ta bakin kajin. Sun mutu."

Ya bi ni da tambayoyin da ya kamata likita ya yi. Ko kwalaben sun sha rana? Ko wa'adinsu ya wuce? Ko an yi wa kajin da suka riga suka kamu? Na ce duk na bincika, babu ko ɗaya. Ya juya cokali cikin kofinsa ya ce, "Ni ba na son sa hannu a kan mace ban san laifinta ba. Amma kuma ba zan iya ce wa mai gari mafarki ya yi ba. Ki je sau ɗaya. In kin dawo hannu rabbana, zan sa hannu."

Kafin in tafi na ɗauki wata 'yar kwalba daga ma'ajiyarmu. A manyan gidajen gona, inda kaji suke da yawa, akan narkar da rigakafin ne cikin wani ruwa mai launin shuɗi, don mai duba aiki ya gane wadda aka yi wa. Ruwan shi kaɗai ba magani ba ne, ba ya kuma cutarwa. Shi na ɗauka, babu rigakafi a ciki, don ba a yi wa kaji rigakafi ana tsakiyar annoba. Niyyata in ga hannun Rakiya da idona, ko ya lalace bayan rabuwarmu.

Na same ta a ɗakinta, ta rame. Na yi mata tambayoyi tun daga farkon darasi har ƙarshe, ta amsa ba ta rasa ko ɗaya ba. Na ce, "To Rakiya, me ya faru?"

Ta sunkuyar da kai. "Malama, ƙaddara ce."

"Ƙaddarar da ta san iyakar unguwar gabas da ta yamma?"

Ta ce, "In cire ni za a yi, a cire ni. Ba komai."

Na daɗe ina aiki da mata. Macen da aka yi wa ƙazafi takan rantse, ta yi kuka, ta kira shaidu. Wadda ta ce ba komai, akwai abin da take rufewa. Sai na ce mata a kamo mini kajin da suka rage da lafiyarsu, a yi aikin a gabana kamar yadda aka yi ranar, kowa ya tsaya inda ya tsaya.

A nan ne Inna Delu ta fito, surukar Rakiya. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, haƙoranta sun yi ritaya amma muryarta tana bakin aiki. A ƙauyen nan, duk yaron da ƙaiƙayi ko tsakuwa ta faɗa wa ido, wurinta ake kawo shi. Ta buɗe idon da yatsu biyu, ta hura sau ɗaya, yaro ya koma wasa. Matan unguwa kuma, da suka ji likitar kaji ta zo, suka cika tsakar gida, kowace da fuskar mai jiran hukunci.

Inna Delu ta ce, "Ke ce malamar tasu? Sannu da zuwa. Kin ga abin da ruwan naku ya yi mana."

Na ce, "Na gani, Inna. Shi na zo dubawa."

Ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta rungume wata dakwalwa, ta karkata mata kai, riƙo mai kyau, irin wanda sai an sha wuya ake koya wa ɗalibai. Na miƙa wa Rakiya kwalbar shuɗin, ta durƙusa, ta ɗiga. Ɗigo ɗaya, tsakiyar ido, ko ni ba zan fi haka ba.

Kafin kazar ta ƙifta, Inna Delu ta sunkuya.

"Fuu!"

Ta hure ɗigon, ta sa bakin zaninta ta goge gefen idon, ta ce, "Sannu, baiwar Allah," ta sake ta.

Na dubi Rakiya. Rakiya ta dubi ƙasa.

Jama'a, a makaranta an koya mana abubuwa da yawa da ke lalata rigakafi: zafin rana, ruwa marar kyau, kwalbar da ta daɗe a buɗe. Babu littafin da ya ambaci suruka. Kaza bayan kaza, gida bayan gida, Rakiya tana ɗigawa, tsohuwa tana hurewa. Rakiya ta san sarai abin da hakan ke nufi, ni na koya mata. Amma macen da ko sunan surukarta ba ta iya faɗa, ta yaya za ta ce mata bari, a gidan mutane, a gaban mutane? Ta gwammace gari ya kira ta ɓarauniya.

Gyaran yana bakina, kuma ga mata cike da tsakar gida. Da na faɗa a nan, Rakiya ta wanku nan take. Amma ni da la'asar zan hau mota in koma Daura, ita kuwa a gidan nan za ta kwana, da tsohuwar da aka kunyata saboda ita. Sai na haɗiye maganar, na ce, "Inna, ƙishirwa nake ji. Ko a ba ni ruwa a ɗakinki? A kamo mana kazar nan da wata, ina so ki duba mini wani abu, ke da kika san ido."

Muka shiga mu biyu. Na sha ruwa. Na ce, "Inna, na ga kina hurewa."

"To da? A bar wa dabba abu a ido? Ai maganin ya taɓa, ya isa. Ido ba rumbu ba ne da za a yi ajiya a ciki. Tun ba a haife ki ba nake hure wa yaran garin nan ido, babu wanda ya makance."

"Gaskiya ne. Inna, 'ya'yanki mata suna ina?"

Ta kalle ni kamar mai tunanin ko rana ta taɓa ni. "Ɗaya tana Mashi, gidan masu fataucin shanu. Ɗaya tana birni, gidan malamai."

"Halinsu ɗaya?"

Ta yi dariya. "Ina! Ta Mashi in ta yi miki sannu sai ki ce shanu take kira daga tsallaken rafi. Ta birni kuwa sai kin kasa kunne, kamar mai bashin murya."

"Ba nono ɗaya suka sha ba?"

"Nono ɗaya. Gidan zama ne ya bambanta."

Na ce, "To haka masu tsaron jikin kaza suke. Uwarsu ɗaya, gidan zama ya bambanta su. Na cikin jini daban, na ido da maƙogwaro daban. Cutar nan ta ƙofar maƙogwaro take shiga, saboda haka na can muke so mu aika wa saƙo su san kamanninta. Ido hanya ce kawai. In aka hure, ɗan aike bai isa ba."

Ta taɓe baki. "Ido daban, maƙogwaro daban. 'Yar nan, karatu bai gaya miki ba?"

"In kin yi kuka, Inna, me ya sa hanci yake zuba?"

Na ce ta riƙe mini kaza ta biyu, amma wannan karon ta sa yatsa a maƙogwaronta, ta rufe nata bakin. Na ɗiga. Kazar ta ƙifta, shuɗin ya ɓace cikin ido.

Inna Delu ta ce, "Af! Ta haɗiya. Na ji a yatsana."

"Buɗe bakinta."

Ta buɗe. Harshen kazar ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a bula.

"Yanzu buɗe na wadda kika hure wa."

Ta buɗe. Harshe fes. Shuɗin yana kan gashin kumatun kazar, sauran kuma yana bakin zanin Inna Delu. Ta daɗe tana kallon bakin zanin nan. Ni kuma na daɗe ina kallon kwanukan jerenta, don akwai lokacin da ladabi shi ne ka ba mutum wuri ko da kana zaune a gabansa.

Can ta ce, "Ke nan ni ce."

Na ce, "Tausayi ne, Inna."

"Ban tambaye ki sunansa ba. Yarinyar nan ta sani?"

"Ni na koya mata."

"Ta sani, ta yi shiru. Ana zaginta a bakin rijiya, ana zagin jikokina, tana kawo mini tuwo tana durƙusawa." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ba ni kajin nan."

Na ce mata ba lallai sai kowa ya ji ba, zan iya rubuta cewa an samu kuskure wajen riƙo, a bar shi a haka. Ko kallona ba ta yi ba. Ta fita da kaza a kowace hammata, ta tsaya tsakiyar mata, ta buɗe musu bakin wannan, ta buɗe na waccan, ta maimaita darasina kaf, har da gyare-gyaren da ban sa ba. Sannan ta ce:

"Maganin yarinyar nan lafiyarsa lau. Ni na hure shi. Kuma duk kuna tsaye nake hurewa, wace ce ta hana ni? Ke Tabawa, har sannu kika yi mini, kika ce hannuna da albarka! Yanzu bakin da ya zage ta, shi zai je ya ba ta haƙuri, ina zaune ina kallo."

Wata ta ce, "To Inna, kajinmu fa?"

"Nawa ma sun mutu. Ko kin ga na hure wa naki na bar nawa?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi in an rasa abin cewa. Daga nan ta yafa mayafi ta ce in biyo ta wurin mai gari. A hanya na tambaye ta ko sai an nemi iso. Ta ce ita ta yi masa wankan jego shi da uwarsa, ba ta neman iso wurin wanda ta san cibiyarsa. Mai gari ya duba harsunan kaji biyu a zaurensa, ya yi salati, ya ce a gaya wa Dakta ya janye maganarsa.

Da na koma ofis na ba Dakta Mamman labari, sai da ya ajiye kofinsa. Ya ce, "To me zan rubuta a matsayin dalili?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, rubuta cewa mun horar da mai ɗigawa, ba mu horar da mai riƙewa ba."

Haka ya rubuta, ba a sa sunan kowa ba. Daga wannan shekarar, a shiyyarmu, duk matar da za a horar sai ta zo da wadda za ta riƙa raka ta, su zauna aji ɗaya, kuma kowace sai ta buɗe bakin kaza ta ga shuɗi da idonta. Rakiya ta ci gaba da aikinta. Da sanyi ya sake zagayowa, unguwar gabas ta kwana da kajinta.

Amma abin da na fi riƙewa shi ne abin da Rakiya ta faɗa mini ranar, da ta rako ni bakin hanya. Sai da mota ta tsaya, ta riƙe mini jaka, ta ce, "Malama, da a tsakar gida kika faɗa, da na samu aikin na rasa gidan."

Wannan shi ne abin da nake alfahari da shi a aikin nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. Gano dalili ba wuya ba ne, duk mai ido zai gano. A aji mutum ɗaya kuke koya wa aiki, amma ba a aji zai yi shi ba. A gida zai yi, inda akwai wanda yake jin nauyi, da wanda ba ya iya musa wa. Saboda haka in kun gama horar da ɗalibi, ya ci jarrabawa, hannunsa ya natsu, kada ku sallame shi tukuna. Ku tambaye shi wa zai tsaya kusa da shi ranar aiki, kuma ko yana iya ɗaga ido ya ce masa bari.